Ɗinkin Hannuna

A Kasuwar Barci nake da keke,
shekara ashirin da ɗaya ina taka shi.
Na ɗinka wa jarirai rigar suna,
na yanka likkafani ban karɓi ko sisi ba.

Ranar da Jatau ya shigo da bandir biyu,
kore ɗaya, fari ɗaya,
ya ce huluna ɗari, ɗamarar hannu ɗari,
na 'yan kishin ƙasa ne na unguwa,
wallahi daɗi na ji.
Ƙasar nan tawa ce, a cikinta aka binne cibiyata.
Kwana uku fitilata ba ta mutu ba.

Da farko shara suke yi, suna yashe kwalbati.
Daga baya suka sayi usur.
Daga baya littafi mai baƙin bango,
inda ake rubuta duk wanda bai miƙe ba
in an busa.
Teburin mai shayi, da muke gardamar gwamnati har dare ya raba,
ya koma ba ka jin komai
sai ƙarar cokali a kofi.

Malam Sallau, tsohon akawun jirgin ƙasa,
shekara talatin da biyar ya ba ƙasar nan, haɗe da idonsa na hagu,
fansho wata bakwai shiru, bai taɓa zagin ta ba.
Shi ya ɗaga hannu a taron firamare:
"Yaran nan huɗu da aka kwashe a Rigasa,
wace kotu aka kai su?
Wa ya karanta musu laifinsu?
Uwar ɗayansu tana suyar waina a ƙofar gidana,
kullum ni take tambaya."

Aka ce maci amana.
Aka ce wa ya biya ka.
Ya ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo..."
Ba a ji ƙarshen maganar ba.
An riga an ɗauki taken ƙasa
da ƙarfin da ya danne muryar tsoho.

Na ga tabaransa a ƙasa, ƙafa ɗaya ta karye.
Na ga sun fito da shi ta ƙofar aji biyu,
hannuwa a baya, ɗaure da koren ƙyalle.
Na matsa. Na duba.
Kalmasa ce siririya, ninki biyu, farin zare,
irin wadda babu mai yin ta a layinmu
sai ni.

Ban ce uffan ba.
Na miƙe tsaye ƙiƙam kamar kowa,
har na taya su kai baitin ƙarshe.

Yau wata biyu.
Mai waina ta daina tambaya, ba ta da wanda za ta tambaya.
Tabaran na nan a aljihun keke, tare da allurai.
Na ɗaure ƙafar da zare, ko zai dawo ya nema.

Jiya Jatau ya sake zuwa, da bandir huɗu,
littafin a hammatarsa.
Na ce masa keke ya lalace.
Ya dubi keken, mai yana sheƙi a jikinsa.
Ya dube ni.
Ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan mahaifina.