Baƙuwa a Gindin Randa

Barira ce ta kawo ta daga Kotonu,
rungume a cinya, kwana biyu cikin mota,
fure shida farare a kan siririn kara.
Ta ce sunanta orkide.
Na ce to, barka da zuwa Maradi.

Barira ta koma. Furannin suka bi bayanta ɗaya ɗaya,
na ƙarshe ya faɗo kan tabarmata ranar Talata.

Ni da na shekara talatin ina noman rani a Jiratawa,
wa zai koya mini shuka?
Na ɗebo ƙasar fadama, baƙa wuluk,
na cuɗa da takin awaki,
na cika mata tukunya har wuya.
Ruwa safe, ruwa yamma, kamar tumatir.
Na fito da ita tsakar gida ta sha hantsi.

Ganye ya langaɓe kamar kunnen tunkiya.
Na ƙara ruwa.
Ɗaya ya yi rawaya, ya saki.
Na ƙara ruwa.
Kullum na kira Barira, sau uku a yini,
ta ce ya baƙuwar,
in ce lafiya lau.

Daren da na tuge ta, wari ya fara gaishe ni.
Saiwoyin sun yi baƙi, sun saɓule
kamar taliyar da ta kwana a ruwa.
Uku kaɗai suka rage da ƙarfinsu.
Na kira, na faɗi gaskiya.

Baba, in ji ta, ai ba ƴar ƙasa ba ce.
A garinsu bisa itace take maƙale,
saiwarta a fili, tana shan iska.

Na gasa reza a wuta,
na yanke duk abin da ya mutu, hannuna na rawa.
Na roƙi gawayi wurin Tsayabu mai shayi,
na sayi ɓawon kwakwa na dala ashirin,
mai kwakwar na kallona kamar na taɓu.
Na huda tukunyar wuri bakwai.

Na aje ta gindin randa, cikin zaure,
inda gumin randar ke sanyaya iska,
inda rana ba ta shiga sai ta sallama da labule.

Ruwa ranar Juma'a kaɗai.
Sauran kwana shida hannuna na ƙaiƙayi,
in ɗauki moɗa, in tsaya, in shanye abina.
Bazara ta zo, wuta na ɗaukewa,
ni da ita muna zaune, ba mai cewa uffan.

Kwana arba'in da uku, babu komai.

Yau da asuba, na duƙa zan ɗebi ruwan alwala,
sai ga kan saiwa, kore shar, ya leƙo ta huda ta biyar,
can tsakiya kuma wani ɗan ganye
bai fi farcen jariri ba.

Fure dai babu. Wataƙila baɗi, wataƙila ba da ni ba.
Wayar tana aljihuna tun safe,
na taɓa ta, na bari.
Barira za ta kira ranar Juma'a.