Babban Baƙi a Tagar Baya

Ƙarfe ɗayan dare a Rize.
Ruwa na dukan rufin ofis tun la'asar, bai gaji ba.
Daga ni, Nevzat, sai kofin shayi mai siririn ƙugu
da sunayen manoma dubu da ɗari huɗu
da suka sauko da ganye daga kan tudu.
Jibi ne biya.

Manhajar ƙungiyarmu ta girme ɗiyata.
Ba ta karɓar fayil, ba ta jin lallashi,
sai an ɗura mata baƙi bayan baƙi
kamar mai ba majinyaci romo da cokali.
Na rubuta ɗan umarni ya zame mini yatsu,
ya riƙa dannawa can a tagar baya
ni ina gaba ina lissafin taki.

Da na leƙa:
gülizar. tahsin. ferhunde.
Kowa an tuɓe masa hula.
Dattijon da ya dasa gangaren Çayeli kafin a haife ni
ga shi a durƙushe, kansa daidai da na kowa.

Ni kuwa na faɗa dalla-dalla:
danne madannin ɗagawa, buga harafi, saki.
Haka yatsa ke yi.
Ashe tagar baya ba ta ganin yatsa.
Saƙo ya zo mata wai an danne,
ta waiga ta tambayi allon da ke gabana,
shi kuma ya ce babu wanda ya taɓa shi.
Ta gaskata ɗan gida, ta ƙaryata baƙo.

Na sa jinkiri tsakanin bugu da bugu.
Kuskuren ya zo a hankali, amma ya zo.
Na kunna makullin manyan baƙaƙe,
sai kowa ya hau ihu, har buhunan takina.
Na jawo tagar gaba, ta yi daidai,
sai dai ta ƙwace mini hannu,
rabin sunan Tahsin ya faɗa cikin wasiƙar ƙanwata.

Cevdet mai gadi ya shigo yana ɗiga,
ya ɗora buta, ya saurari kukana har ƙarshe.
Bai san kwamfuta ba, ko waya sai jikarsa ta latsa masa.
Ya ce, ɗana, in za ka aika wa mutum burodi,
gari kake aikawa da labarin tanda?

Na yi shiru.
Na share layi bakwai.
Na daina aika labarin madanni,
na aika harafin da kansa, gasasshe,
babba a babbansa, ƙarami a ƙaraminsa,
ba sai ta tambayi kowa ba.

Gülizar ta miƙe tsaye.
Ferhunde ma.

Saura takardar banki, mai son manya zalla.
Nan TAHSIN ya fito babu ɗigo.
A harshenmu i biyu ce,
mai ɗigo ko ta girma ba ta yar da ɗigonta,
marar ɗigo ko ta ƙanƙance ba ta aro.
Ɗigo ɗaya, banki ya ce bai san shi ba,
mutum ya hau motar haya ya koma tudu hannu rabbana.
Na gaya wa umarnin yaren da muke ji.
TAHSİN.

Asuba ta taso ta wajen teku.
Sunaye na wucewa a baya, ba mai taɓa komai,
Cevdet na gyangyaɗi, hularsa a gwiwa.
A na ɗari tara da sha biyu na tsayar da shi,
ba don kuskure ba.
Sunan mahaifiyata ne, kilo ɗari uku da sittin,
da gwiwar da take cewa ta warke.
Na duba harafin farko sau biyu,
sannan na bar shi ya ci gaba.