Bugun Farko a Gangare

A bayan shagon mai gyaran rediyo, a Gangare,
akwai teburin sinuka mai gajeriyar ƙafa ɗaya,
an tallafe ta da marfin kwalba biyu.
Koren ƙyallensa ya koɗe inda hannuwa ke sauka.
Nan nake zuwa bayan Isha'i
daga garejin Dilimi, da baƙin mai a farce,
in ajiye ɗari biyu a gefe, in jira layi.

Shekara guda ina riƙe sanda kamar taɓarya.
In tattaro haushin yini kaf,
na mai motar da ya ce sai jibi,
na sifanar da aka ara ba a dawo da ita ba,
in zuba a kan farar ƙwallo.
Ƙara kam, akwai ta.
Sai farar ta yi tsalle ta ƙetare katako,
ta gangara ƙarƙashin bencin mai shayi,
ko ta kewaya ta afka rami
kamar ɓeran da ya ji motsin kyanwa.
Yara su ce, Tanimu ya sake kashe ƙuda da guduma.

Baba Gyang na can lungu da hular sanyi.
Shekara talatin ya yi yana fasa dutse a Bukur,
yatsa biyu ya baro can.
Ba ya wasa, kallo yake,
kofin shayinsa na huci a kan gwiwa.
Ran nan da sanyin Jos ya sa kowa ya naɗe hannu,
ya ce, zo nan, yaro.
Dutse bai san fushi ba.
Wuri ya sani.

Ya buɗe min ƙafafu da ƙafarsa.
Ya ce, sassauta. Ɗan tsako ka riƙe, ba wuyan ɓarawo ba.
Kwantar da sandar, ka daina ɗaga mata gindi,
shi ke sa farar tashi sama.
Goga alli. Matse tarin nan har kada iska ta ratsa.
Dubi cibiyar farar, can za ka taɓa,
ba gefe ba, ba goshi ba.
Ta gaban tarin kuwa, same ta ido da ido.

Ja baya a hankali.
Tsaya.
Wannan tsayawar ita ce ba ka da ita.

Sannan ka bar nauyinka ya taso daga dugadugin baya,
ya bi ƙugu, ya bi kafaɗa,
sandar ta wuce inda farar take
kamar ba ta tarar da kowa ba.
Kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka ya isa,
sauran ka kai wa matarka cefane.

Mako biyu ina kuskure.
Hannuna ya saba da ihu, bai iya magana ba.

Sai wani daren Laraba, janareto na tari,
na ja, na tsaya, na saki.
Ba ƙarar da na saba ba ce,
gajeriya ce, tsaf, kamar an fasa kwakwa.
Goma sha biyar suka watse kowacce da hanyarta,
farar kuwa ta ɗan ja da baya, ta tsaya cak a tsakiya
kamar mai ba da hannu a shataletalen Taminus,
motoci na gudu, shi ko gezau.

Ko ɗaya ba ta shiga rami ba.
Na juya ina neman yabo.
Baba Gyang na hura shayinsa.
Ya ce, to, yau ka fara.

Da safe wani noti mai tsatsa ya ƙi kwancewa.
Na ɗaga guduma,
sai na ji hannuna ya tsaya da kansa.