Tsohuwar Ƙwarya

Tsahara ta iso daga Yamai a motar dare,
ba tsaraba, sai kwalabe takwas cikin akwatin ƙanƙara.
Ta ce, Inna, ba ni nonon jiya,
wanda ya kwana a tsohuwar ƙwarya,
wadda kika hana kowa ya sa wa sabulu.

Na ce, duk karatun nan, tsami kika dawo nema?

Ta ja ni bakin tabki, garkar Arzika,
inda shu ke dunƙule kansa kamar mai jin kunya.
Ran Talata ya yi feshi. Ran Alhamis ya yanka.
Tsutsa ta mutu, ba musu,
amma abin da ya kashe ta bai je ko'ina ba.
Ya laɓe a ninkin ganye,
ya hau amalanke har kasuwar Tawa,
an wanke shi sau uku, ya yi lamo,
ya sauka a kwanon jikana.

Ban zagi Arzika ba.
Bashin iri na wuyansa, ga na man inji,
rubutun jikin kwalbar kuwa
ba da harshensa aka yi ba.

Ta ce, cikin nononki akwai masu rai,
ido ba ya kai musu.
Su ke sa madara ta kama jikinta kafin asuba.
Wasu in sun ga guba sai su manne mata
kamar ƙarangiya a bakin zane,
wasu su yi mata cin gara.
Gwaji muke, Inna, ba mu gama ba.
Kar ki je rijiya ki ce nono ya zama makari.

Na ce, su waɗannan ƴan ƙwadago, wa ke ciyar da su?
Ta ce, ke, shekara talatin, ba ki sani ba.

Ta cika kwalabenta, ta liƙa takarda,
ta ce sunana ne a kai.

Da dare na zo rufe ƙwarya da faifai
sai na ji nauyin yin shiru.
Na ce, sannunku da aiki.

Da safe Arzika ya wuce da tankin feshi a baya.
Na kira shi, na zuba masa ludayi biyu,
na ce zauna, yarinyar nan tana da magana
kan kwanakin da ake jira kafin yanka.