Gawar Haya

Ni ne Eladio, mai gasa burodi a tsaunukan Asturias.
Yuro tamanin suka ba ni in mutu yini guda.

Suka sa mini riga mai ƙaiƙayi kamar buhu,
suka aske mini tsakar ka,
suka shimfiɗe ni gindin hasumiyar ƙararrawa
a gidan sufayen da kakata ke kai wa cuku.
Jinin kunnena zuma ce da jan launi.
Ƙudaje ba su san wasa ake yi ba.

A labarin, shekara ɗari bakwai baya,
ni ne Froilán mai kaɗa ƙararrawa,
an tsince ni da asuba, wuya a karye.

Shugaban sufaye ya tsaya a kaina:
"Shaiɗan ne ya tunkuɗo shi. Ku durƙusa."
Ordoño, ƙaramin cikinsu, ya durƙusa,
amma tafina ya buɗe, ya shinshina.
"An shafa wa igiyar kitse, Uba.
Shaiɗan ba ya satar kitse a madafa."
"Ka auna igiya, ka ƙirga matakala,
wa zai auna maka inda ransa ya nufa?"
"Wanda ya ba ni gwiwa, shi ya ba ni ido."

Sau goma sha huɗu suna maimaitawa.
Darakta ta ce cikina na motsi.
Gawa ba ta numfashi, Eladio!

Na riƙe. Sanyin dutse ya bi ƙashin bayana,
sai ga Covadonga, bara, a asibitin Oviedo.
Likita ya ɗaga hoton huhunta ga fitila,
ya bi da biro, ya fayyace komai,
na fito kamar ban ji ba.
Fada ya zo da ɗan mai a kwalba,
bai fayyace komai ba.
Ita ta riƙe hannunsa.
Ni ina riƙe da hoton.

Aka ce a yanke. Ban tashi da wuri ba.
Shugaban sufaye ya zaro waya daga hannun riga,
Ordoño na neman mai ashana.

Wa ya kashe ni? Ban sani ba.
Ba a ba gawa shafin ƙarshe.

Ƙarfe uku na dare na hura tanda,
na kwaɓa gari, na zuba yis.
Na san abin da ke sa shi kumbura,
an koya mana tun muna yara.
Duk da haka, kafin in rufa masa ƙyalle,
na zana gicciye da babban yatsa,
daidai inda take zanawa.