Ban Ruwan Haske

Ƙarfe biyun dare a Southampton.
Jirgin ruwa ya yi kukan bijimi daga tasha,
yayyafi na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Ni kuwa na shige farar riga har ka,
ido kaɗai na bari waje,
don a ɗakin nan ƙurar jikina ma abokiyar gaba ce.

Abin da nake gadi bai kai farcen jariri ba.
An yi masa shafe da wani sinadari,
shafen da fatar albasa ta fi shi kauri nesa ba kusa ba.
Halinsa biyu.
Ɗana masa wuta ka janye da sauri,
sai ya daskare a hargitse,
kamar kasuwar da aka ce kowa ya tsaya inda yake.
Bi shi da ɗumi, a hankali, da lallashi,
sai ƙwayoyinsa su ja sahu,
kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce a daidaita.
Haske in ya tarar da sahu, ga hanyarsa.
In ya tarar da kasuwa, ya ratse.

Maureen Tapsell, mai riƙe da makullan ɗakin
tun ban iya ɗaura zariya ba,
ita ta ce mini: bi shi sannu, yana da riƙo.
Gaskiyarta.
Kashe wuta, tafi gida, dawo bayan Sallah,
yadda ka bar shi haka za ka same shi,
bai ci ba, bai sha ba, bai manta ba.

Shekaranjiya Kawu Jatau ya aiko da murya ta waya,
injin ban ruwa na tari a bayansa.
Wai shekara shida, me nake yi a ƙasar sanyi?
Na share yini ina neman bakin zaren.
Sai na tuno shi da asuba a lambu,
wando a naɗe, fartanya a kafaɗa,
ruwa na tafe a magudana guda.
Bai taɓa haƙa sabuwa ba.
Dunƙulen laka zai ɗauka daga nan ya ɗora can,
ruwan da ya nufi albasa ya juya wajen tattasai,
fangali bayan fangali,
shi ko uffan bai ce ba.

Na ce, Kawu, ban ruwa nake yi.
Ruwan nawa dai haske ne,
magudanar ta fi gashin gira siriri,
lakar kuma da wuta ake ɗaga ta.
Ya yi dariya har ya ƙware.
Ya ce, to madalla. Me ke tsirowa?

Daren nan, samfuri na arba'in da ɗaya.
Narke, daskare, narke, daskare,
na'ura na ƙirga mini kamar carbi.
A dubu tamanin da 'yan kai ya ƙi.
Ba sahu, ba kasuwa,
wani abu tsaka-tsaki mai tabo a gefe,
haske ya zo ya rasa ta ina,
rabi nan, rabi can.
Na daɗe a kan madubin ina kallonsa.
Ban ji haushinsa ba.
Na san sau nawa harshena ke narkewa a rana,
tsakanin tashar bas da wayar gida.

Na rubuta adadin, na ja layi.
Na tuɓe rigar, fuskata duk shatin roba.
Da gari ya yi shaa, Maureen ta shigo lema na ɗiga,
ta karanta, ta ɗaga gira:
ya fi na makon jiya da dubu tara.
Ta ɗora ruwan shayi.

A waje tsuntsayen teku na faɗa kan ɓawon burodi.
Saƙon Kawu na nan a aljihu,
daƙiƙa goma sha ɗaya,
ban amsa ba tukuna.