Ɗigon Asuba

Shekara shida na yi ina ta da ita daga kabari,
wannan jar doguwa mai silinda takwas
da wani Ba'amurke mai haƙar rijiyoyi ya bari a Garwa
tun ban san hannun dama ba.
A bayan rumbun auduga na same ta,
kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
tayoyi sun nutse a ƙasa har wuya,
kunama ta kama haya a cikin salansa.

Da hannun nan na kankare tsatsa.
Na sayar da babur, na sayar da gonar Pitowa,
na je har Mubi neman kafireto,
fitilar hagu kuwa daga Kusiri ta zo, cikin buhun albasa.
Ranar da ta tashi
karnukan unguwa suka watse,
tagogin maƙwabta suka kama rawar sanyi,
masunta suka rantse dorinar Binuwai ta ɗago kai
tana neman wanda ya kira sunanta.

Amma kullum in na dawo daga sallar asuba
na janyo kwalin da na shimfiɗa a ƙarƙashinta,
ga shi nan.
Ɗigo ɗaya, baƙi wuluk, faɗinsa bai fi kwabo ba.
Ba ya ƙaruwa,
ba ya fashi.

Na ɗaure notuna har sifana ta yi kuka.
Na canza matatar mai, na yanko sabuwar roba na kewaye kasko,
kwana uku ina rigingine a rami
bazara na gasa ni kamar kifin bakin gada.
Hamajam, yaron garejina, ya ce,
Maigida, ƙyale ta, wace tsohuwa ce ba ta hawaye?
Mai shayin ƙofar gida ya ce kambun baka ne.
Na ce ban taɓa ganin bakin da ya kwance noti ba.

Dudu ce, autata, ta kawo tuwon rana,
ta tsuguna tana leƙen ƙafafuna.
Ta ce, Baba, rufin ɗakinmu da damina
ai ba inda yake ɗiga ba ne ya huje.
Ta ruga gida,
ta dawo da gwangwanin hodar uwarta a ɓoye cikin mayafi.

Muka wanke injin da kalanzir, muka bar shi ya sha rana,
muka barbaɗe shi fari fat
sai ka ce jaririn da za a kai wa dangi ranar suna.
Na murza makulli.
Minti goma tana gurnani, mu uku ba mai ƙiftawa.
Can sai ga wani siririn zare baƙi
yana saƙa hanya cikin farin, kamar ayarin cinnaka.
Na bi shi da yatsa, sama, sama, baya,
inda ban taɓa zargi ba:
wani ɗan zoben jan ƙarfe, tsagagge,
kuɗinsa dala ashirin a kasuwar 'yan gwangwan.
Na gane shi.
Ni na matse shi fiye da kima, shekara shida da suka wuce,
ranar da nake ɗokin gamawa.

Washegari na janyo kwali.
Tsaf. Ko tabo.
Na juya shi, na duba bayansa,
na daɗe a tsaye riƙe da shi
kamar wanda ya saba karɓar wasiƙa kullum, yau ba a aiko ba.

Daga cikin gida na ji muryar uwar Dudu
tana tambayar wanda ya ga hodarta.
Na buɗe ƙofar mota a hankali,
na ce, Dudu, shiga,
mu je mu ga ko gada na nan.